Ma'aunin Hasken Rana na Baba

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Mama da Yaya, da fatan kowa lafiya.

Albishirinka, aikina ya kama hanya. Ka tuna na ce maka tauraron ɗan'adam na yanayi yana ɗaukar hoton gajimare daga sama duk minti goma sha biyar? Daga kaurin gajimaren nake lissafa yawan hasken ranar da ya sauka ƙasa, ko a garin da ba a taɓa kafa ma'auni ba. Mai son kafa sola sai ya duba taswira kawai. Na gwada lissafin da ma'aunan tashoshi tara, takwas sun zo daidai. Da na gani sai da na zagaya teburina sau biyu, mai shara tana ta kallona.

Ta taran ce ta ƙi, kuma taka ce, ta saman rufin makaranta. Daga ƙarfe sha biyu zuwa biyu na rana tauraro yana cewa sama tas take, ma'auninka kuwa yana cewa duhu. Shugabanmu ya ce shekara ashirin kana kula da tashar nan ba fashi, saboda haka kuskuren nawa ne. In ban gano shi kafin taron ƙarshen wata ba, za a ajiye aikin. Don Allah ka duba mini, ko wata bishiya ta yi tsawo, ko an ta da gini kusa.

'Yarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta iso, na karanta wa mahaifiyarki sau biyu.

Babu bishiya, babu gini. Kullum da safe ina hawa in goge gilashin da ƙyalle mai laushi, in duba ko ya karkace. Na ji na wasu tashoshin duk sun dushe, nawa kuwa kamar jiya aka kawo shi. Ban raina iliminki ba, amma abin da ke rataye can sama ba zai fi wanda ke tsaye a kan rufi sanin rana ba. Ki sake bin lissafinki a natse, tun kina ƙarama gaggawa ke kayar da ke.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki

*

Autar Mama,

Gaisuwa a gurguje, ki zauna kafin ki ci gaba.

Jiya na kai wa Baba abincin rana, aka ce yana sama, na bi tsani. Me zan gani? Ma'aunin naku zaune da hula. Hula ta gaske, shuɗiya, har da igiyar ɗaurewa, ɗinkin Mama. Na ce, "Baba, wannan fa?" Ya ce, "Ke ba ki ga zafin nan ba? Tun da aka kawo sabon nan bara nake rufe shi in rana ta take, kada gilashin ya tsage." Yana faɗa yana shafa shi kamar jikansa. Na danne dariya har cikina ya ƙulle.

Da na sauko kuma sai tausayi ya kama ni. Ban faɗa masa hular ce matsalar ba. Lissafinki daidai ne, 'yar ƙanwata, amma kin san tashar nan ita ce mutuncinsa a garin nan. Ki san yadda za ki yi.

Yayarki

*

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa.

Yaya ta ba ni labarin hular. Ba zan ɓoye maka ba, na yi tsalle don murna, daga baya na zauna na yi kuka. Baba, gilashin nan don rana aka yi shi, ba ta fasa shi. In an rufe shi, sai ya rubuta duhu, shi ya sa ya saɓa da tauraro. Na san tattali ne ya sa ka.

Ban faɗa wa shugaba ba, kuma ba zan faɗa ba sai da izininka. In ka ce in yi shiru zan yi, a ajiye aikin, in sake wani. Saura kwana shida.

'Yarka mai ƙaunarka,
Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Na karanta takardarki, kunya ta kama ni.

Na rubuta wa shugabanku da hannuna, na faɗa masa komai. Ga littafina nan na aiko miki, babu ranar da ban rubuta lokacin da na sa hular da lokacin da na cire ta ba. Ki fitar da waɗannan awannin, ki gwada sauran da tauraronki.

Ranar taro ki tashi ki ce lissafinki daidai ne, mahaifinki ne ya yi kuskure. Ki ɗaga murya yadda na kujerar baya ma za su ji.

Mahaifinki