Mama da Ƙofar Maman Tagwaye

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Ina roƙon Allah ya ƙara miki ƙarfi a wurin aiki, ya raba ki da ciwon bayan nan da kika ce yana taso miki in kin daɗe a tsaye. Mu ma nan mun gode Allah. Maman yara ta warke daga murar da ta kwantar da ita, 'yarki Gimbiya ta yi tsawo har ta kusa kama uwarta, ga baki kamar naki. A shago kuma aiki ya yi yawa saboda ɗinkin kayan makaranta, sai dai tsohon keken Baba ya soma tsallake zare, kullum sai na lallaɓa shi da mai kafin ya yarda mu yi aiki.

Wasiƙarki ta iso makon jiya. Na ji daɗin labarin da ke ciki, in ban da layi ɗaya. Kin ce tunda Mama tana cikin ƙarfi da natsuwa haka, za ki ɗage zuwanki sai baɗi in hutu ya kama. Wannan layin ne ya hana ni sukuni, domin na san daga inda kika samo wannan tabbaci: daga 'yan rubuce-rubucena da nake yanko miki ina sakawa a ambulan. Yaya, ban san ta inda zan fara ba, kaina a ɗaure yake. Ki yi haƙuri ki bi ni a hankali.

Kin san yau shekara huɗu ke nan da Fasto ya ba ni ɗan gurbi a takardar sanarwar coci, inda nake rubuta gajeren nazari kowane mako daga abin da na gani da idona. Ke ce ma kika raɗa mini suna Mai-Darasi, kika ce ko allura ce ta faɗi daga hannuna ba zan sunkuya ba sai na ciro mata aya. Ban musa ba. Na yi rubutu a kan zaren da ya sarƙe, na yi a kan maɓallin da ya ɓace, har a kan aljihun da ya huje na yi, mutane kuma suna cewa yana taimakonsu. To wata huɗu da suka wuce na fito da sassafe zan tafi shago, sai na ga Mama da tsintsiya tana share ƙofar Maman Tagwaye. Ba sai na tuna miki wace ce ba: maƙwabciyarmu ta hannun dama, wadda suka yi shekara goma sha tara ba sa ga-maciji da Mama, tun ranar da ta sa aka sare reshen gwaibarmu da ya leƙa gidanta. Na tsaya ina kallo har Mama ta gama, ta tattara sharar ta zuba a kwandonsu. Zuciyata ta cika fal. Ban tambaye ta komai ba, ina isa shago na ture yadin da ke kan teburin yanka na rubuta nazari a kan ƙaunar maƙwabci.

Bayan mako biyu sai na lura ta soma ajiye faranti ɗaya na ƙari a kan teburin cin abinci, da cokali da kofi, a gefen taga. Na ce lallai tsohuwar nan ta yi nisa a cikin bangaskiya, tana tanadi saboda baƙon da Allah zai iya aikowa ba zato. Na rubuta wannan ma. Na uku shi ne wanda kika ce ya sa ki hawaye: ranar da na dawo na tarar da su biyun zaune a kan bencin ƙofar gida, Mama riƙe da hannun Maman Tagwaye, suna dariya kamar ba su taɓa saɓawa ba. Na sa masa suna gafara ba ta tsufa. Fasto ya karanta shi da bakinsa a gaban jama'a. Ban ambaci sunan kowa ba, amma wa za a ɓoye wa? Duk cocin ya juyo yana kallon Mama, ita kuwa tana murmushi tana gyaɗa kai. Dattijon nan mai gyaran mota, wanda ya yi shekara bakwai ba ya magana da ƙaninsa saboda rabon gidan ubansu, ya tare ni a bakin ƙofa idonsa jawur, ya ce in tsohuwa za ta iya, shi wane ne? A ranar ya je gidan ƙanin nasa, yanzu benci ɗaya suke zama. Ba zan ɓoye miki ba, kaina ya kumbura, har tafiyata ta canja.

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza, amma ni ban tsaya na tambayi abin da ya tsamar da shi ba. Maman yara ce ta fara yi mini magana. Ta ce ta tarar da tsintsiya a cikin firji, ta kuma tarar da gilashin Mama a cikin gwangwanin sukari. Na ce tsufa ne, kowa yana yi. Ta ce in tsufa ne to in tambayi Mama farantin wane ne take ajiyewa a gefen taga. Da rana tsaka na tambaye ta, cikin wasa. Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta, ta ce na Babanku ne mana, ai ya kusa tashi daga shago, kuma in daina zama a kujerarsa. Yaya, Baba da muka binne shekara shida da suka wuce. Cokalin da ke hannuna ban san lokacin da na ajiye shi ba.

Washegari na fito tare da ita, na ce Mama, ga ƙofarmu nan, me ya sa kike share ta maƙwabta? Ta yi tsaki ta ce a ji mata yaron nan, ita da ta shekara arba'in a gidan za a nuna wa ƙofarta? Ƙofofin biyu duk shuɗin fenti ne, kin sani. Ashe duk watannin nan ƙofar gidanta take sharewa a ganinta. Muna tsaye sai ga Maman Tagwaye ta fito, Mama ta washe baki ta kira ta Auta, ta ce ya ba ta zo jiya ta yi mata kitso ba. Auta fa, sunan da take kiran ƙanwarta marigayiya da shi, Innarmu Ƙarama. Ita kuma matar ta amsa ba tare da ko ɗar ba, ta ce yau za ta yi mata. Mun kai Mama asibiti ranar Talata. Likita ya faɗa mata abubuwa uku ya ce ta riƙe, bayan ɗan lokaci ya tambaye ta, ba ta kawo ko ɗaya ba. Ya tambaye ta shekarar da muke ciki, ta ce ya tambayi ɗanta, shi ne mai boko. Ya ce ciwon mantuwa ne irin na tsofaffi, ba a warkar da shi, sai dai a rage masa gudu. Ya kuma ce duk wanda yake so ta gane shi, kada ya yi jinkiri.

Ga inda na rikice. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ni ina cikin ɗakin, ruwa yana zuba a kaina, ina rubuta wa mutane cewa albarka ce. Wata huɗu uwata tana ɓacewa a gaban idona, ni kuwa ina murna na sami abin rubutawa. Da na tambaye ta tun ranar farko, da mun je asibiti tuntuni, da ke ma kin sani. Ina jin kunya, ina kuma jin haushin kaina. To amma in na ce duk ƙarya na rubuta, ina zan kai Dattijo da ƙaninsa? Sulhunsu gaskiya ne, na ga ƙanin yana riƙe masa ƙofar mota da idona. Shin Allah yana gina abin kirki a kan kuskuren tela? Ko kuwa in tashi ran Lahadi in ce jama'a ku yi haƙuri, ba gafara ba ce, mantuwa ce? In na faɗi haka na tona wa Mama asiri a gaban mutanen da suke gaishe ta da girma. In na yi shiru kuma, kullum aka yaba mini sai in ji kamar na sa rigar wani. Na kai wa Fasto maganar, ya saurare ni tsaf, ya ce zai yi addu'a a kai, ni ma in yi. Na yi, Yaya, har yau ban ji amsa ba.

Da abin ya ishe ni sai na shiga gidan Maman Tagwaye, karo na farko tun ina saurayi. Na same ta tana wankin kwanuka a bakin famfo. Na ce na zo ba ta haƙuri ne, domin na sa ta a bakin duniya a kan abin da ban fahimta ba, na kuma gaya mata abin da likita ya ce. Ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce ita tun ranar farko ta sani. Ta ce ranar da ta buɗe ƙofa ta ga Mama da tsintsiya, ta fito ne da shirin faɗa, ta ɗauka wata sabuwar tsokana ce. Sai Mama ta ɗago ta dube ta da idon da babu komai a cikinsa sai murna, ta kira ta da sunan wata. Ta ce uwarta ma haka ta yi kafin ta rasu, don haka ba ta bukatar likita ya gaya mata. Na ce to me ya sa ba ta faɗa mini ba? Ta ce da wane baki, ita da ba ta shiga gidanmu? Da ta faɗa, da na ce ta ƙirƙiro wa uwata hauka ne saboda tsohuwar gaba. Gaskiyarta, haka ɗin zan ce.

Sai ta ƙara da wata magana da ta ƙara dagula mini lissafi. Ta ce ita ba ta manta komai ba. Tana tune da kowace kalma da Mama ta gaya mata a kan reshen gwaibar nan, har da wadda ta taɓa 'ya'yanta, kuma wani lokaci tana cikin yi mata kitso sai kalmar ta dawo mata, hannunta ya yi nauyi. Amma ta ce mace ta kira ka da sunan ƙanwarta, ta riƙe hannunka, ka fizge? Don haka kullum da safe take jira Mama ta gama sharar, ta ce mata sannu da aiki, sannan ta kamo hannunta ta rako ta ƙofarmu kamar hira ce ta kawo su, don kada ta shige gidan da ba nata ba ta tsorata. Wata huɗu tana yin haka, ni ina wuce su da jakata. Ta ce rubutuna bai ɓata mata rai ba, sai dai ya ba ta dariya, wai tela ya auna wani ya ɗinka wa wani. Na fito daga gidan ban san ko ta wanke ni ne ko ta ƙara tsoma ni ba. Gafarar da na rubuta tana nan a kan bencin, amma na ɗora ta a kan wadda ba ta san an yi faɗa ba, na bar wadda take haɗiye abin kullum. Ko wannan ma ina tsoron in kira shi darasi, kada gobe in sake gano na karkace.

Abin da ban rikice a kansa ba guda ɗaya ne. Jiya da yamma na sauko da hotonki na ranar aure daga bangon falo, na goge shi, na sa mata a cinya, na ce Mama, wace ce wannan? Ta kai shi kusa da ido, ta mai da shi nesa, ta shafa gilashin da yatsa. Na tsaya ina jira kamar mai zura zare a allura. Ta daɗe, Yaya, ta daɗe ƙwarai. Can sai ta kira sunanki, cikakke, irin yadda take kiransa in kin yi laifi. Sannan ta tambaye ni ko kin dawo daga makaranta, don ta ajiye miki abinci kada ya huce. Na ce mata kina hanya.

Saboda haka ina roƙonki, ki manta da takardun nan uku da na aiko miki, ko ki ajiye su mu yi gardama a kansu in kin zo, don na san ba za ki raga mini ba. Kada ki jira baɗi. Ki nemi izini a wurin aiki, ko na mako ɗaya ne, zumunta a ƙafa take. Gurbina na takardar coci na wannan makon na ce wa Fasto ya sa sanarwa a ciki, ba ni da abin rubutawa. Na gaya wa Mama kina hanya, kada ki bari wannan ma ya zama kuskure.

Ki gaishe mini da maigidanki, ki ce masa wandonsa yana nan na gama, yana jiran mai shi. Ki gaida yaranki, Injiniya da Likitan Gida da ƙaramarsu, Allah ya yi musu albarka ya ba su nasara a karatu. Maman yara da Gimbiya suna gaishe ku. Maman Tagwaye ma ta ce in gaishe ki, ta ce in kin iso ki fara ƙwanƙwasa ƙofarta, domin da safe a can za ki sami Mama. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka.

Ni ne ƙaninki mai jiran isowarki,
Mai-Darasi