Hannuna da Aka Karya a Bakin Kanal na Jiratawa

Zuwa ga Mai Girma Diraktan lakwal ɗinmu, makarantar da ke unguwar Zariya, Maradi.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ya iyali? Da hannun hagu nake rubuta takardar nan, don na dama yana cikin filasta. Sau uku na zo ganinka, sau uku mai gadi ya ce ba ka nan, alhali motarka tana ƙarƙashin itacen bedi. Shi ya sa na fito fili. Ni ne Mushe Sanusi, wato Malam Sanusi, mai koyar da kimiyya, mai zuwa kullum daga Tsibiri bisa babur.

Na ɗaya. Ni na kawo shawarar a kai 'yan ajina gonakin rani na Jiratawa, su ga yadda ake tattalin ruwa da idonsu, ba bisa allo kaɗai ba. Ka yarda, ka sa hannu, ka ce kai za ka sanar da shugabannin manoman wurin. Da safiyar tafiya na sake tambayarka a bakin ƙofa, ka ce an gama, mu tafi. Mai Girma, ba ka sanar da kowa ba.

Na biyu. Mun isa ba mu san cewa an yi kwanaki babu wuta ba, injinan ban ruwa ba su ɗago ruwa ba, tattasai ya langwaɓe, har an yi faɗa kan rabon ruwa kafin zuwanmu. Ranar da muka je wuta ta dawo, rabon ruwan kuma na wani dattijo ne, Malam Ila. Ɗalibata Rabi ta ga ruwa yana malala gefen fangali, ta tuna abin da na koya masu, cewa ɗigo ɗaya ma amana ne. Ita da wasu suka ja ƙarfen da ke tare bakin kanal suka rufe. Ina can gaba ina bayani, ban gani ba.

'Ya'yan dattijon uku suka ga ruwansu ya yanke, suka ga baƙi a bakin kanal, suka zaci abokan rigimarsu ne suka turo mu. Ba su tambayi komi ba. Babbansu ya ɗaga ƙotar fartanya kan Rabi, na rugo na tara hannuna. Na ji ƙarar ƙashina kamar an taka busasshen kara. Na faɗi, suka bi ni da duka da shuri, bakina cike da laka da jini. Wani ya wurgo dutse ya fasa goshin Rabi, jini ya rufe mata ido, tana ihu tana cewa ta makance. Yara suka watse cikin alkama, biyu suka afka kanal, ɗaya ta bar haƙoranta biyu a bakin siminti. Ba don Malam Ila ya iso da gudu ya kwanta bisa kaina ya karɓi sanda guda a bayansa ba, da yanzu ana zaman makokina a Tsibiri. Na kira wayarka ina kwance cikin mota. Ba ka ɗauka ba.

Na uku, kuma shi ne ya fi karayar ciwo. Ina gadon likita ka tara iyaye, ka ce masu ni na kwashi yara ba da izninka ba. Ka dakatar da ni. Mahaifin Rabi, wanda muke gaisawa da mutunci, ya zo har bakin gadona ya tofa yawu ƙasa ya fita.

Malam Ila kuwa ya zo da 'ya'yansa, ya durƙusar da su gabana. Ya rantse babu wanda ya gaya masu muna tafe, ya ce da ya sani da shi da kansa zai zagaya da yaran. Na yafe masu. Su fushi ya kwashe su na minti kaɗan. Kai zaune ka yi cikin sanyi ka shirya taka maganar.

Ga abin da nake nema. Ka sake tara iyayen nan, ka fito da takardar da ka sa wa hannu, ka faɗi gaskiya da bakinka. Ka janye dakatarwar. Ka je ka duba Rabi, wadda har yau take cewa laifinta ne. Kuma kada ka soke irin wannan fita, yaran ba su yi laifin son sani ba. A dai sanar da masu wuri. Idan ka ƙi, zan kai maganar gaban hukumar ilimi, kuma Malam Ila ya ce zai tsaya shaida.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciyar faɗin gaskiya, ya tsare 'ya'yanka daga irin abin da na gani ya sami 'ya'yan mutane.

Wassalam.

Mushe Sanusi, Tsibiri.