Malamar Ƙanƙara Ta Hana Ni Ɗaga 'Yata In Ta Faɗi

Assalamu alaikum Hajiya Sahadatou. Don Allah ki taimake ni da shawara ko da masu karatu za su yi mini dariya. Abin da ke damuna ƙarami ne a ido, amma tun watan Nuwamba ya hana ni sukuni.

Ni 'yar Damagaram ce, shekara huɗu ke nan muna zaune a Bron, kusa da Lyon a ƙasar Faransa. Bara maigidana ya samu aiki a Paris, ya kama ɗan ɗaki a Saint-Denis, sai bayan sati biyu yake hawo jirgin ƙasa ya leƙo mu. Ni ce uwa ni ce uba ga yara biyu: babbar, wadda zan kira Mutmainna, shekararta biyar, sai na goye. In kai wannan lakwal, wato makaranta, in kai wancan gidan raino, in bi taram, jirgin nan na cikin gari, zuwa aiki, in dawo in ɗora tukunya. Kin dai san yadda zaman nan yake.

Yarinyar ce ta ga 'yan ajinsu suna zuwa filin ƙanƙara, inda ake zamiya da takalma masu ƙarfe a ƙasa kamar wuƙa, ta bi ta ishe ni da naci har na sa ta. Ni da a da ban san wata ƙanƙara ba sai wadda muke saye a leda da azumi. Kowace Laraba ina sa mata wando biyu da safar hannu da hular kwano, in ɗaure igiyar takalman har yatsuna su yi tsami, sannan in tsaya bakin shinge da goyo ina rawar ɗari.

Ranar farko malamar, wata doguwar Bafaranshiya, ba tafiya ta koya musu ba, faɗuwa ta koya musu. Ta sa yara goma sha biyu su zube da gangan, su dunƙule yatsu kada takalmin wani ya bi ta kai, su kafa gwiwa ɗaya, su dafa ta su miƙe. Kafin sati uku duk sun iya, ban da tawa. Da zarar ta faɗi sai in ji bakina ya ce "Sannu, Mutmainna, sannu!" tun kafin in yi tunani, kuma da ƙarfi. Ita kuwa sai ta juyo ta neme ni, ta ɓare baki, ta miƙo hannu. Sau biyu na taka kan ƙanƙarar da takalmina na titi, ga goyo a baya, na ɗauko ta.

Satin jiya malamar ta ja ni gefe. Ba ta yi mini rashin kunya ba, amma ba ta rage komai ba. Ta ce a watan Janairu sauran yaran za su wuce rukuni na gaba, Mutmainna ba za ta bi su ba, domin ko sau ɗaya ba ta taɓa tashi da kanta ba. Ta ce in hau can saman kujerun 'yan kallo in yi shiru, ko kuwa a bar yarinyar sai baɗi.

Hajiya, yaya uwa za ta ga 'yarta kwance a ƙasa ta ja bakinta? A gidanmu ko baƙo ne ya yi tuntuɓe a zaure, sai ya ji sannu ta ko'ina, har daga bayan katanga. Wanda ya ga mutum ya faɗi bai tanka ba, cewa ake ba shi da imani.

Na gaya wa babanta a waya, yana cikin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya ce in bi maganar malama kawai. Shi abin da sauƙi. Asabar ɗin da ya zo ya kai ta filin da kansa, ya turo mini bidiyo. Ta faɗi, ta ɗaga kai ta ga baban yana tsaye yana murmushi, ta kafa gwiwa ta miƙe abinta. Na kalli bidiyon nan ya fi sau ashirin, maimakon murna sai kuka ya zo mini. Ashe ni ce matsalar.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari in faɗa miki abin da ko shi ban gaya wa ba. Sanyin farko da na yi a ƙasar nan, na zame a bakin tashar taram da ledojin cefane a hannu. Na zauna daɓas cikin jiƙa, lemuna yana ta gangarawa kan titi, mutane suna kauce mini suna wucewa. Babu wanda ya ce uffan. Ranar na yi wa kaina alkawari 'ya'yana ba za su faɗi a ƙasar nan su rasa mai ce musu sannu ba.

Yanzu ga shi jiya yarinyar da bakinta ta tambaye ni ko zan zauna gida ran Laraba, Baba ya zo ya kai ta. Wallahi na gaji, jikina ya gaji, raina ya gaji. In cire ta mu huta, ko in hau sama in yi shiru in zama irin waɗanda suka wuce ni a tashar?

Taki, Mai Rawar Ɗari a Bron

*

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Babu mai yi miki dariya, duk uwar da ta karanta ta gane ki.

Bari in fara da mai ɗacin. Malamar tana da gaskiya. Ƙanƙara ba tsakar gida ba ce, yaron da ya kwanta yana jiran a ɗauke shi alhali wasu na zamiya da ƙarfe a ƙafa shi ne cikin haɗari. Kuma shiga filin nan da goyo, don Allah kada ki ƙara.

Ke ma kina da taki gaskiyar. Sannu ba aibi ba ce, tarbiyyarmu ce, kuma ba zan ce ki zubar da ita a Bron ba. Sai dai ki tuna tsofaffin gidanku lokacin da yaro ke koyon tatata. In ya yi zaman daɓaro, kakarsa kan kawar da kai ta ce kada kowa ya kalle shi, domin yaro fuskar uwarsa yake dubawa kafin ya san ko kuka zai yi. Wannan shirun ba irin na tashar taram ba ne. Su sun wuce ki, ke kuwa kina nan zaune, idonki a kanta.

Kada ki cire ta. In kin yi haka, abin da za ta koya shi ne in an faɗi an bar abu ke nan. Kafin Laraba ki zaunar da ita ki gaya mata inda za ki zauna da dalili. Ku gwada a kan kafet, ke ki faɗi, ita ta koya miki yadda ake tashi, za ki sha dariya. Ki roƙi malamar ta ɗaga miki hannu in an ji ciwo na gaske. In yarinyar ta faɗi ba a ɗaga ba, ki ƙirga goma a zuci. Sannunki kuma ki adana ta har a tashi. Lokacin da kike kwance mata igiyar takalma, ki murza gwiwoyin ki ce mata sannu da Hausa iya son ranki. Maganar Baba ya kai ta kuwa kada ta tsaya miki a rai, ba gudunki take ba, so take ta bi ƙawayenta a Janairu.

Shi kuma maigidan, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kada ki kai masa magana yana cikin metro. In ya zo, ki ba shi labarin tashar, ki gaya masa ƙarara cewa kin gaji, ya kwashi yaran wuni guda ki huta.

Saura bashi ɗaya, wanda aka riƙe miki shekara huɗu a bakin taram. Ta makara, amma ga ta: sannu, ƙanwata. Ranar kin tsince lemunki kin tashi da kanki. Ki bar yarinyar ta gaji uwarta.

Allah ya raya miki su, ya ba ki hutu, ya haɗa kan gidanku a gari ɗaya.

Hajiya Sahadatou