Abin da Ya Ɗiga Kan Dardumata

Ɗana Sabitu,

Salamu alaikum. Ya yaran, ya shanu? Habibatu, nas a asibitin nan na Bauchi, ke rubuta min.

Idon da sauƙi, kada ka damu. Sai dai injin sanyin ɗakinmu ya lalace, bututunsa ya yi ƙanƙara, kwana uku yana ɗiga kan dardumata. Mai gyara ya auna, ya ce ba gas ba ne, bawul ne. Da kunnena na ji. Habibatu ta ce bawul wani ƙarfe ne da ya toshe, ba bawali ba. Ni dai har yanzu ina kokwanto.

Ka tambayar min Liman ko in rama sallolin. In za ka zo, taho da wata darduma.

Allah ya yi albarka.

Innarka