Sai Na Ga Bayan Ɗangoggo

Litinin, 4 ga Nuwamba, 1991
Asibitin Dokta Juliet, Nyanya. Ta ɗaura min abin awo a dantse, ta ɓata rai. "Baba Wakili, hawan jini ne, zuciyarka ya gaji. Ban da gishiri, ban da man ja. Ƙwaya ɗaya kullum, ko kai yana ciwo ko ba ya ciwo. Wanda ya bari, shanyewar jiki ne." Na ce to. Ba don son duniya ba. Ɗangoggo ne ba zan riga mutuwa ba. Shi ya yi wa masu safiyo, masu awon filin Abuja, tafinta, ya nuna gonar ubana ya ce daji ne, ba mai shi. Ɗan ƙauyenmu fa!

Litinin, 18 ga Nuwamba
Miya salam kamar ruwan wanki. Na shanye tas. Kowace loma don shi.

Alhamis, 12 ga Disamba
Yau gwamnati ta taso daga Legas zuwa Abuja. Jiniya tun safe. Motocinsu a kan doyar ubana suke gudu. Na haɗiye ƙwayata, na kashe rediyo.

Litinin, 6 ga Janairu, 1992
Wa zan gani a bencin asibiti? Ɗangoggo! Ya rame, ƙafa a kumbure. Wai: "Wakili, kai ma jinin ne? Ni na warke, kai ya daina sara, na ajiye maganin. Sallama na zo yi wa likita." Layi ya yi masa tsawo, ya tafi bai gan ta ba. Na san abin da ajiye maganin ke yi. Na yi gum. Wallahi daɗi na ji.

Laraba, 8 ga Janairu
Ba ruwana.

Litinin, 3 ga Fabrairu
Awona ya sauka, Dokta har da tafi. Ban gan shi a benci ba. Sau uku ina leƙa ƙofa, ban san dalili ba.

Talata, 4 ga Fabrairu
Na je Karshi. Doya na je saya, kowa ya san ta fi araha can. Gidansa a kan hanya yake, shi ke nan. Na tsaya a kansa sai da ya haɗiye ƙwayar, na ce Litinin in ban gan shi a asibiti ba, zai gane kurensa. Ya kira ni da sunan da uwata ke kirana. Duk Abuja ba wanda ya rage da ya san sunan nan.
Ban yafe ba. Doyar ma na manta ban saya ba.