Muryar Mushe Rayyanu

Tasawa

Zuwa ga Mushe Danda, malamin makaranta,

Bayan gaisuwa, ina fatan mutanen Mayahi suna lafiya.

"Muddin ina numfashi, muryar Rayyanu ba za ta ɓace ba." Kai ka faɗi haka a zauren gidanmu ranar sadakar bakwai ɗin mijina, ina ji ta bayan labule.

Da kai da shi kuka buɗe rumbun darussan nan a intanet saboda ɗaliban lakwal, makarantar koyon malanta, da ake turawa ƙauyuka. Shi yana ɗaukar darasin tarihi da muryarsa, kai kana ɗorawa. Duk tsawon takabata ban buɗe ba, na ce sai zuciyata ta yi ƙwari. Jiya na buɗe, sai na ji na'ura tana karanta kalmominsa da muryar wata mace wadda ko Tasawa ba ta iya faɗa ba.

Na rubuto a takarda ne don na ga abin da ke cikin waya ba ya daɗewa a hannunka. Ina muryar mijina?

Umaima

Mayahi

Malama Umaima,

Ina gaishe ki, da ƙarin haƙuri. Allah ya jiƙan ɗan'uwana.

Ban goge darussan ba, suna nan a ordinatar ɗina, wato kwamfuta. Cire su na yi daga rumbun. Darussan da ya ɗauka bayan ciwon ya kama shi, ba ya yin jimla biyu sai tari, sai ya tsaya neman numfashi. Da na zo duba shi, kin fita ɗauko mini ruwa, ya riƙe hannuna ya ce: "Danda, kada Umaima ta ji yadda na koma. Na ɓoye mata." Na rantse masa. A wurin sadaka kuma baƙin ciki ya sa na yi miki alkawarin da ya ci karo da nasa. Sai na sa aka rubuce darussan, na'ura ta karanta, don kada yaran su rasa karatu.

Ki yafe mini. Shi ba ya nan balle ya warware mini rantsuwa.

Naki cikin girmamawa,
Danda

Tasawa

Mushe Danda,

Saƙonka ya iso, na gode da gaisuwa.

Ya ɓoye mini? Wa kake jin yake tsaye bayan ƙofa da kofin ruwan zafi duk lokacin da ya kunna wayar? Tarin nan babu wanda ban ji ba. Na yi kamar ban sani ba ne don ya ƙarasa aikinsa da mutuncinsa. A darasin Katsinawan Maraɗi akwai inda na kira shi cin tuwo, ya ce, "Ina zuwa, sarauniya," ya yi dariya, ya manta bai yanke ba. Wannan nake so in sake ji.

Ka manta kuma yadda ɗalibanku suke aiki. Babu rezon intanet a ƙauye, sauke darussan suke yi a waya ranar kasuwa su tura wa juna waya zuwa waya. Muryarsa tana Korgom, tana Maijirgi.

Na ba ka zuwa sallar Juma'a ka mayar da darussan yadda suke, har da tarin. In ba ka yi ba, Asabar zan hau kabu-kabu in bi lakwal-lakwal in roƙi yaran su tura mini. Alhakin rantsuwarka ka bar mini, ni zan yi masa bayani idan na same shi.

Ka gaida Mansura da yara.

Umaima