Na Gane Rubutun Ɗalibata a Kwalin Tambayoyi

Anti, don Allah ki ba ni shawara, kaina ya kulle. Ni malamar kimiyya ce a sakandare, bana aka ɗora mini darasin illar shaye-shaye. Da farko na bi yadda na tarar: hotunan ruɓaɓɓen huhu, da cewa kurɓa ɗaya ta isa ta kai mutum kabari. Yara suka yi ta hamma, don sun san masu sha, kuma suna ganinsu garau. Sai na huda kwalin takalmi na ajiye a bayan aji, na ce kowa ya jefa tambayarsa ba suna, na yi alkawarin ba wanda zai san mai ita. Abin ya karɓu sosai.

Na manta shekara biyu ke nan ina duba littattafansu. Ranar Talata na buɗe wata takarda, mai ita ta ce kullum sai ta sha maganin tari kafin ta fito, tana son dainawa amma jikinta ya ƙi. Kallo ɗaya na gane rubutun. Yarinya ce mai zama a layin gaba, saura wata huɗu ta yi jarrabawar fita. Yanzu shugaban makaranta ya ce in kai masa takardun, dokarmu kuwa kora ce. Tsoro nake ji.

Malama mai jan biro

Malama, kin yi dabara, kin kuma yi ganganci: kin ɗauki alkawarin da idonki ba zai iya cikawa ba. Shugabanku ba mugu ba ne, amanar ɗaruruwan yara ke wuyansa. Amma in aka kori yarinyar nan, ba wanda zai sake gaya miki gaskiya.

Kwafe tambayoyin da hannunki ki kai masa, ki gaya masa dalili, ki nemi a sassauta wa duk wanda ya kawo kansa. Ita kuwa, kira ta ku biyu kawai. Ki fara da ba ta haƙuri kan kin gane rubutunta. Kada ki ce ta yanke sha rana ɗaya, wannan aikin likita ne. Ku zaɓi babba ɗaya a gidansu da ta yarda da shi, ki raka ta ku gaya masa.

Ki sani, wataƙila ba mantuwa ta yi ba. Ta san kin san rubutunta, kuma ta jefa. Kada ki bar ta tana jira. Allah ya ba ta lafiya, ke kuma ya dafa miki.